Rigar Aikin Mai Fenti

Yaya Babba ne ya fara kawo maganar, ta waya, ina tsakiyar goge barandar asibitin da nake aikin shara. Ya ce ba gazawata yake gani ba, amma bai dace yarinya 'yar shekara bakwai ta riƙa yawo da makulli a wuya ba, ta taso daga makaranta ta tarar da ɗaki babu kowa. Ya ce a gidan Mama, surukata, akwai ɗaki a zaune ba mai kwana, ga makaranta a bakin layi, shi kuma ya ɗauki nauyin komai. In an haɗu a hutun ƙarshen shekara sai a zauna a tsayar da magana.

Na ce to. Yayan mijina ne, kuma tun da mijin nawa, Baban Buroshi, ya faɗo daga tsani a wajen aiki Allah ya karɓi abinsa, bai taɓa bari wata ya wuce bai leƙo mu ba. Sai da na kashe wayar na ga ashe na koma ina goge inda na riga na goge.

Buroshi 'yata ce, ita kaɗai gare ni. Ubanta ne ya laƙa mata sunan, don tun tana jaririya gashinta a tsaye yake cirko-cirko. Shi mai fenti ne, ya ce Allah ya kawo masa kayan aiki har gida.

A dangin mijina, duk ƙarshen shekara in an yi hutu ana taruwa a gidan Mama, mahaifiyarsu, a ci a sha, kowane gida ya zo wa sauran da 'yar kyauta. Ba doka ba ce, amma ana lura. Da can wannan bai taɓa damuna ba, domin kyautar gidanmu hannun mijina ce. Kowace shekara zai zaɓi mutum guda ya je ya fente masa ɗaki, sauran kuma ya ce su bi layi. Bana ba shi, albashina kuwa da ƙyar yake kai mu ƙarshen wata. Na san in na shiga gidan nan hannu rabbana ba wanda zai ce uffan. Shirun ne nake tsoro. A cikinsa kowa zai yarda cewa Yaya Babba yana da gaskiya, ban iya riƙe yarinyar ba.

Ranar hutuna na zaga kasuwa. Duk abin da aljihuna zai iya ɗauka, da ganinsa ka san abin da ya sa aka saye shi: kofunan roba, ƙananan madubai masu gam a gefe, safa mai yagewa tun a hannu. Na dawo gida da sabulun wanki kawai.

Ina rufe ƙofa idona ya faɗa kan rigar aikin mijina, a ƙusar da ya saba rataye ta. Doguwa ce mai kauri, ruwan ƙasa, fenti ya sa ta sandare har kusan ta tsaya da kanta. Mijina yana da wata ɗabi'a. In aikin bare ne, gwangwanin fentin kanti kawai yake buɗewa ya shafa. Amma in na dangi ne, shi yake haɗa launin da kansa, ya zuba wannan ya ɗiga wancan, sannan ya tsoma babban yatsansa ya danna a ƙirjin rigar, ya zauna ya jira ya bushe. Ya ce fenti jiƙaƙƙe maƙaryaci ne, sai ya bushe yake faɗin gaskiyarsa. Saboda haka ban da fantsale-fantsalen da suka cika rigar ko'ina, a ƙirjin hagu akwai shatin yatsansa a jere, kowanne da launinsa, har zanen fatar ana gani.

Na sauko da ita na shimfiɗa a kan gado. Buroshi tana zaune a ƙasa tana aikin makaranta. Tun rasuwar maganarta ta koma “eh” da “a'a” da “na ƙoshi”. Malamarsu ta ce karatu lafiya lau, amma in an fita hutun tara sai ta tsaya jikin bango har a kaɗa ƙararrawa. Sai ga ta ta taso ta ɗora yatsa a kan shati mai ruwan hoda.

“Wannan shagon Gwaggo ne,” in ji ta.

Gwaggon nan ƙanwar mijina ce, mai shagon gyaran gashi. Na ce wannan shuɗin fa? Ta ce falon Baffa, wato Yaya Babba, kuma ranar Baffa ya zauna a kan murfin gwangwani ya tashi da shuɗin wando, Baba ya ce kada ya damu, wannan hannu na farko ne, sai ya bushe a ƙara na biyu. Ruwan ɗorawar kuwa ɗakin Kaka ne. Ta ce sau uku Baba yana haɗawa Kaka tana cewa bai yi ba, ita irin hasken safiya take so, ba irin na ƙwai ba. Duk tana tare da shi a wuraren nan, ita ke riƙe masa tsumma. Rabon da in ji muryarta ta yi tsawo haka har na manta. Na zauna a bakin gado ban motsa ba, kada in katse ta.

A nan dabarar ta zo mini. Kowa a yanka masa shatin launin bangonsa, a ɗinka masa abin da zai yi amfani da shi. Ba abin da zan saya sai zare da maɓallai.

Ban taɓa almakashi ba sai da na tambaye ta. Na gaya mata dalla-dalla cewa in an yanka an yanka, riga ba za ta koma riga ba, kuma in ba ta so, mu mayar da ita ƙusa, ba wanda zai ji haushi. Ta tambaya ko Kaka za ta yi murna. Na ce sosai. Ta ce to a yanka, amma ita za ta riƙe gefen.

Keken ɗinki na ara wajen maƙwabciyata, Maman Tagwaye. Ta ce keken irin halinta gare shi, sai da lallami, in na yi masa tsawa zai cinye mini zare. Allura biyu na karya kafin na gane ba a bi ta kan busasshen fenti, zagaye shi ake yi. Na riƙa barin fili a kewayen kowane shati, na yi shafi da tsohon zanin gado don kada kaurin ya goge wa mutum kaya. Mama na ɗinka mata gidan tabarau, don kullum nata a ƙarƙashin matashi yake kwana, har ƙafarsa ɗaya ta karkace. Yaya Babba gidan waya. Gwaggo doguwar jaka ta mataji da almakashi, mai igiyar ratayewa. Buroshi ce mai zaɓen maɓalli, ita ce kuma mai duba aiki. Ta sa na warware gidan wayar gaba ɗaya don yatsan Baba ya kalli ƙasa, ta ce shi ba ya danna yatsa a juye. Kwanakin nan in na dawo aiki a bakin ƙofa nake tarar da ita, ta riga ta fito da zare. Har ƙarin abinci ta fara nema.

Ranar da muka gama, muka jera su a kan gado. Ta dube su, ta dubi abin da ya rage na rigar, ƙirjin duk ramuka.

“Umma, ina namu?”

Ban shirya wa tambayar ba. Ɗakinmu na haya ne, mai gidan ba ya yarda a sauya masa launi, farar ƙasa yake sa yaransa su watsa in ya ga dama. Mijina yakan ce ranar da muka samu namu, kowane bango da launinsa zai yi, sai maƙwabta sun kai ƙara. Na gaya mata gaskiya, cewa Baba bai samu ya fenta namu ba. Ta juya ta kalli bangon, daga sama har ƙasa, kamar yau ta fara ganinsa.

Washegari na yanke aljihun rigar da wani yanki na baya, na ɗinka mata 'yar jakar fensir, na sa mata maɓallin da ya fi kowanne kyau. Akwai ɗigon kore da na ja a jiki. Ta tambaya na gidan wa ne. Na ce ban sani ba, cikin gidajen da ya yi wa aiki ne. Ta ce, “Na gode, Umma,” irin godiyar da na koya mata ta yi wa baƙi.

Ranar taron na tashe ta da wuri, na wanke ta, na goge mata rigarta har sau biyu, na yanke mata farce. Na naɗe kyaututtukan a takardar da na ajiye tun bara na bi ta da dutsen guga. A mota ina ta maimaita mata: ta gaishe da kowa a durƙushe, in an tambaye ta makaranta ta buɗe baki ta amsa, kada ta ce ta ƙoshi tun ba a zuba ba. Ta ce to.

Gidan Mama ya cika. Gwaggo ce ta tare mu a ƙofa, tana cewa ga matar Yaya ta iso da ƙunshi, Allah ya sa ba sabulun asibiti ta kwaso musu ba. Na ce ai da na samu da na kawo mata, ko shagon nan ya ga wanka. Mama ta jawo Buroshi jikinta tana kiranta ƙawata, tana cewa wannan gashi har yau bai ji magana ba. Yaya Babba yana kan doguwar kujera ya baje, ya amsa gaisuwata da fara'a, amma na ga idonsa ya sauka a wuyan yarinyar. Na riga na cire makullin na sa a jakata.

Bayan an ci abinci aka fara miƙe-miƙe. Mu aka ba mu yadi da takalmin makaranta da babban gwangwanin madara, irin kyautar da ake ba wanda ake tausayi. Na yi godiya. Da aka zo kanmu sai Buroshi ta karɓe ƙunshin daga hannuna. Ta kai wa Mama nata, ta tsaya har ta kwance. Mama ta juya shi, ta ce gidan tabarau ne, madalla, wannan ɗinki ya yi kyau. Ba ta gane ba.

“Kaka, taso,” in ji Buroshi.

Ta kama hannunta ta ja ta zuwa ɗakinta, mu duka muka bi su. Ta ce ta manna shi a bango. Mama ta manna. Shatin ya ɓace a cikin launin bangon, sai zanen yatsan kawai ya rage a fili. Mama ta daɗe a haka. Sannan ta ɗora nata yatsan a kai, ta kira sunan da take kiransa da shi tun yana yaro, wanda ban taɓa jin kowa ya faɗa ba sai ita. Gwaggo ta kwance nata da sauri, tana ganin ruwan hodar ta toshe baki ta fita tsakar gida. Yaya Babba ya zura wayarsa a nasa, ya zaro, ya sake zurawa. Buroshi ta tuna masa labarin wandon. Ya yi dariya har ta koma masa wani abu daban, ya ce bari ya duba mota.

Ina wanke kwanuka a bayan kicin ya same ni. Ya tsaya yana murza gidan wayar a hannu. Ya ce maganar da ya yi mini a waya in bar ta, ya janye. Ya ce yarinyar da ta tsaya gaban manya ta yi wannan bayani, ba ta rasa komai ba a inda take. Abin da ya rage, zai nemo wadda za ta riƙa ɗauko ta daga makaranta ranakun da nake aikin yamma.

“Kin riƙe amana,” ya ce. “Allah ya yi miki albarka.”

Na ce amin, na gode, Yaya. Da ya tafi na koma kan kwanukan. Na ƙarasa wanke-wanken ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka.

Rana ta yi sanyi na fara haɗa kayanmu, don mu samu mota kafin cunkoso. Na duba cikin yara a tsakar gida, ba Buroshi. A ɗakin Mama na same ta, a lungun bayan ƙofa, ta cire takalmi ta zauna, kumatunta a jikin bango. Ta yafito ni. Ta nuna mini wani siririn gashin buroshi da ya maƙale a cikin fentin ya bushe a nan. Ta nuna mini ƙasan taga, inda fenti ya ɗan zubo ya daskare, ta ce ranar ita ce ta yi masa magana ya waiwayo. Ta nuna saman ƙofa, inda ya yi layi ba tare da ya sa komai ya auna ba. Ta ce ta ƙirga, duk ɗakin ba inda hannunsa bai bi ba, har can sama.

Na ce haka ne, ta sa takalmi mu tafi.

“Umma, ki bar ni a nan.”

Na ce yau ɗaya? Ta girgiza kai.

“A ɗakinmu ba inda ya taɓa. Da akwai rigar. Yanzu babu.”

Ba da zargi ta faɗa ba. Bayani take yi mini, yadda ta yi wa Kaka. Na durƙusa na ce ai ni ina can, ga Maman Tagwaye, ga ƙawayenta, kuma duk hutu zan kawo ta. Ta ce ta sani. Ta ce ni ma in zo mu zauna. Na ce aikina yana can ƙarshen gari, motar farko ba ta kai ni a kan lokaci daga nan. Wannan ma ta ce ta sani.

Ashe Mama tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, “Ƙawata, tashi ki bi uwarki. Bango ba ya gudu, yana nan yana jiranki.”

Ba wanda ke neman raba ni da ita yanzu. Kalma ɗaya zan faɗa mu tafi gida. Buroshi ba ta yi kuka ba, ba ta yi gardama ba. Ta miƙe, ta sa takalminta, ta ɗaure igiyar da kanta, ta zo ta tsaya kusa da ni tana kallon ƙasa. Na ce ta yi wa Kaka sallama. Ta yi. Na ce ko tana son ta tafi da lemon da aka ba ta. Ta ce a'a. Na ɗago haɓarta na dubi fuskar, sai na ga wadda na zauna da ita wata da watanni, wadda ke tsayawa jikin bangon makaranta. A gaban idona ta dawo, kamar an ja labule.

Na sunkuya na kwance mata igiyar takalmin.

Mama ta ce in yi tunani, ba dole. Na ce na yi. Ta ce to zuwa ƙarshen hutu, daga nan a gani. Na ce to, zuwa ƙarshen hutu. Buroshi ta rungume ni ƙam, bakinta a wuyana, ta tambaya kayan makarantarta fa, da littattafanta. Na ce zan kawo mata.

Na ja Mama gefe na shiga lissafa mata. Ba a taje mata kai a bushe, sai an ɗan jiƙa, kuma daga ƙasa ake farawa. In ta ce ta ƙoshi ba ta ƙoshi ba, a bar kwanon kusa da ita a yi kamar an manta. Fanka a kanta tana sa ta tari. Ba ta faɗin ciwo, sai dai a ga tana lanƙwashe ƙafa in ta zauna. Tana tsoron kare amma ba ta nunawa, gara a riƙe ta in za a wuce gidan da ke kan kwanar layi.

“'Yar nan, biyar na raina,” in ji Mama. Sai kuma ta kama hannuna. “Amma faɗa mini, ina ji. Me kuma?”

Na faɗa mata sauran, har waɗanda ba su da amfani.

Yaya Babba ya biyo ni waje yana rantsuwa ba shi ya sa ta ba, ko kalma bai yi da ita ba. Na ce na sani, Yaya. Ya ce ya kai ni gida a mota. Na ce ya bari, ina so in ɗan taka. Gwaggo ta cusa mini kwanon abinci a jaka, ba ta yi tsokana ba. Buroshi ta rako ni har ƙofar gida, ta ɗaga mini hannu, fuskarta a sake. Kafin in kai kwana ta koma ciki da gudu.

Tashar motar tana tsallaken babban titi. Na tsaya a bakinsa, motoci suna wucewa ba ƙaƙƙautawa. Da na ga sarari sai na miƙa hannun dama ƙasa, na buɗe tafin, na ce, “Riƙe ni.”

Wata mata da ke tsaye a gefena da kaya a ka ta dube ni, ta dubi hannun. Sararin ya wuce. Na mayar da hannun kan igiyar jakata, muka jira na gaba tare.